Daga Ajin Baftisma Zuwa Ranar Aure: Wa Ke Kiwon Matasan Ikilisiya?

Duk wanda yake son sanin matsayin matashi a ikilisiyoyinmu na Arewa, ya je majami'a da ƙarfe shida na safiyar Lahadi, tun kafin a buga ƙararrawa. Zai tarar da 'yan mata riƙe da tsintsiya suna shara, samari suna jera bencina, wani ya durƙusa gaban janareta yana duba mai, wani yana warware wayoyin lasifika. In rana ta ɗan ɗago, waɗansu su tsaya a bakin ƙofa da na'urar caje mutane, waɗansu su sa rigunan mawaƙa. A yi sujada, a karɓi baiko, a sa albarka, jama'a su watse. Daga nan dattawa su shige ofis su rufe ƙofa, su zauna kan kuɗin da aka tara, da shirin shekara, da maganar wanda za a sa a horo. Waɗanda suka zo tun asuba kuwa suna waje suna mayar da kujeru, babu ko ɗayansu a ciki.

Na yi shekara huɗu ina magatakardan zumuntar matasa a ikilisiyarmu, saboda haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ce. Kuma ba don ƙorafi na ɗauki alƙalami ba. Ikilisiyar nan ita ta raine ni, ina kuwa ƙaunarta. Sai dai akwai wani giɓi a cikin tsarinmu wanda mutane da yawa suke faɗawa ciki ba a sani ba, ya kamata a zauna a dube shi da kyau.

Da farko, wa ake nufi da matashi? Manufar gwamnatin tarayya kan matasa ta 2019 ta ce daga shekara 15 zuwa 29. A coci kuwa ba a cika duba takardar haihuwa ba, aure ake dubawa. Yarinya 'yar shekara 19 in ta yi aure ta zama mama, ta ɗaura zanen zumuntar mata, ana gaishe ta da girmamawa. Namiji ɗan shekara 36 da digiri biyu, in bai yi aure ba, yaro ne, shi za a aika sayo ruwan leda. Waɗanda nake magana a kansu su ne na tsakiyar nan: sun gama sakandare ko jami'a, sun wuce shekara 20, ba su yi aure ba, ko kuwa auren bai daɗe ba.

In ka bi tsarin ikilisiya daki-daki za ka ga an yi wa kowane mataki tanadi. Yara suna da makarantar Lahadi. In sun ɗan tasa su shiga Birged, ta maza ko ta mata, su koyi fareti da biyayya da haddar ayoyi. Ta mazan William Alexander Smith ne ya kafa ta a Gilasgo a 1883, ta shigo Nijeriya ta Legas a 1908. Sai ajin baftisma. A sakandare akwai FCS, zumuntar ɗalibai Kirista da aka kafa a Gindiri a 1957, wadda kusan duk wani Kiristan Arewa da ya yi makarantar kwana ya rera waƙa a cikinta ranar Asabar da yamma. A jami'a ga NIFES, zumuntar ɗalibai Kirista ta manyan makarantu, tun 1968, ga zumuntar kowace ɗarika, 'yan Katolika kuma suna da tasu. Ko a bautar ƙasa, wadda aka fara a 1973, akwai NCCF, zumuntar Kirista masu bautar ƙasa, mai gidajen da ɗan bautar ƙasa yake sauka kafin ya sami ɗaki. A can ɗaya ƙarshen kuma ga zumuntar maza da zumuntar mata. Ita ta matan ma babu ƙungiyar da ta kai ta ƙarfi a ikilisiyoyin Arewa. Haihuwa, rashin lafiya, rasuwa, rikicin gida, duk za ka gan su da zanensu iri ɗaya da kiɗan tulunsu, sun zo da sabulu da hatsi da addu'a. Amma ƙofar shiga cikinsu aure ne.

To ranar da yaro ya tuɓe kakin bautar ƙasa ya dawo gida, ina zai shiga? Zai koma zumuntar matasa, inda zai zauna benci ɗaya da ƙanensa ɗan aji uku na sakandare, a yi musu gasar buɗe Littafi tare. Damuwarsa kuɗin haya da aiki da yarinyar da take jiransa shekara biyar, damuwar ƙanen kuwa jarrabawar WAEC. Mako biyu, uku, sai ya fara zuwa a makare. Daga baya sai Lahadi kawai. Daga baya sai Kirsimeti da Ista.

Ba mugunta ce ta haifi wannan giɓi ba, zamani ne ya sauya aka bar tsarin yadda yake. Lokacin da aka shimfiɗa waɗannan ƙungiyoyi, yawancin masu bi manoma ne a ƙauye. Saurayi in ya yi damina biyu ko uku yana noma gayaunarsa, iyaye su nema masa aure. Tsakanin baftisma da aure 'yan shekaru ne kaɗan, ba sa bukatar wani tanadi na musamman. Yanzu kuwa lissafa: shekara biyu ko uku ana neman gurbin jami'a, karatun shekara huɗu ya koma shida saboda yajin aiki (na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas), shekara guda ta bautar ƙasa, sannan yawon neman aiki wanda babu mai sanin ranar ƙarewarsa. Sai ga cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar fetur da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta zarce 1,000 a shekarar da ta biyo. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, ga wanda ya sami aikin ke nan. Da me zai kama ɗaki a Sabon Tasha ko Mararraba, ya biya kuɗin aure, ya haɗa akwati, ya yi biki? Giɓin da ya kasance shekara biyu ya zama goma, wani lokaci goma sha biyar. Kuma a cikin waɗannan shekaru ne mutum yake yanke kusan duk shawarar da za ta bi shi har tsufa: sana'a, abokin zama, garin zama, da ko zai riƙe bangaskiyar iyayensa ko zai sake ta.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne, ikilisiyoyin nan matasa ne suka dasa su. Mutum ukun da suka sauka Legas a Disamban 1893, waɗanda aikinsu ya zama ƙungiyar mishan ta SIM, daga baya ya haifi ɗarikar ECWA a 1954, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Bingham ma bai cika 21 ba. Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, duk a 1894. Karl Kumm yana da kimanin shekara 30 ya iso Wase a 1904, tushen ɗarikar COCIN ke nan. Stover Kulp, wanda shi da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923, mafarin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, shi ma bai kai 30 ba. Haka nan 'yan ƙasa da suka karɓi aikin: malaman makarantun mishan, da masu bishara da suka bi ƙauyuka a ƙafa da keke, da 'yan shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa da suka cika Arewa da ganguna da waƙoƙin Hausa tun shekarun 1960, mafi yawansu samari ne da 'yan mata. Da irinsu za su dawo yau da shekarunsu na wancan lokaci, a ikilisiyoyi da yawa a bakin ƙofa za a tsayar da su.

Duk da haka, zumuntar matasa tana yin aikin da ba a cika lura da shi ba. Na farkonsa masauki ne. Yaro ya taso daga Zonkwa ko Billiri ko Biu ko wani ƙauyen Malumfashi, ya sauka tashar Kaduna ko Abuja da jaka ɗaya, bai san kowa ba. Lahadi ya nemi majami'ar ɗarikarsu, a ce baƙi su miƙe tsaye, ya faɗi sunansa da garinsu. Kafin a tashi wani ya ce ai ɗan garinmu ne, ya kai shi ɗakinsa ya shimfiɗa masa katifa. Wani ya ji ana neman mai gadi ko malamin firamare ya faɗa masa. Da Hausa ake wannan zumunci, ko da baƙon Bajju ne mai masaukin Tangale, domin Hausa ita ce harshen da ya haɗa mu a sujada tun da aka kammala juya Littafi Mai Tsarki cikinta a 1932. Babu ma'aikatar gwamnati da take yi wa baƙon birni irin wannan hidima. Kuma a nan ne da yawa daga cikinmu muka fara sanin mene ne zaɓe, da rubuta bayanin taro, da ba da lissafin kuɗin jama'a har kwabo na ƙarshe a gaban waɗanda suka tara shi.

Inda muka fi rauni shi ne maganar aure da sha'awa. Koyarwar a bayyane take, a kame kai har ranar aure, ni ma a kanta nake. Amma wanda ya ce wa mutum ya jira shekara goma sha biyar, wajibi ne ya raka shi cikin jiran. Sau da yawa abin da matashi yake samu shi ne wa'azi ɗaya mai zafi a makon matasa, sai kuma kwamitin aure in lokaci ya yi: gwajin jini, gwajin sikila, gwajin ciki, watannin sanarwa. Gwaje-gwajen nan suna da amfani ƙwarai, na sikila ma ya ceci gidaje daga baƙin ciki mai yawa. Sai dai tsakanin wa'azin da kwamitin babu wanda yaro zai zauna da shi ya faɗi abin da yake damunsa ba tare da tsoron labarin zai kai ofis ba.

Ba zan manta da wata Lahadi ba. Wata 'yar'uwa cikin mawaƙanmu, mai muryar da in ta ɗaga waƙa tsofaffi suke rufe ido, aka kira sunanta a gaban jama'a aka ce an sa ta a horo saboda ta yi ciki. Wanda ya yi cikin ya riga ya bar gari. Ta koma bencin baya, inda masu horo suke zama, ba jibin Ubangiji, ba waƙa. Makonni uku tana zaune ita kaɗai, kanta a sunkuye, muna wuce ta kamar ba mu taɓa cin abinci kwano ɗaya ba. Ni ma na wuce ta, har yau abin yana cina. A mako na huɗu wata tsohuwa daga zumuntar mata ta ɗauki Littafinta da mafici ta bar layin mata, ta je ta zauna kusa da ita. Bayan sujada na ji tana ce mata, "'Yata, ɗago kanki. Gobe ki zo gida, za mu je awo tare." Yarinyar ta ce, "Mama, ai na ba ku kunya." Tsohuwar ta kama hannunta suka fita tare ta babbar ƙofa. Yarinyar nan tana cikin ikilisiya har yanzu, ɗanta yana Birged. Na san waɗansu biyu da babu wanda ya zauna kusa da su. Ɗaya ta bar garin, ɗayar ban sake ganinta a wata majami'a ba. Horo yana da tushe a koyarwarmu, manufarsa kuwa a maido da wanda ya faɗi. In aka yi sanarwar aka manta da maidowar, an yi rabin aiki, kuma kusan kullum macen ce take ɗaukar nauyin ita kaɗai, domin nata laifin ne yake fitowa fili.

Akwai kuma abin da ake sha. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabata. A Mayun 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Kada wani ya ɗauka 'ya'yan coci ba sa ciki. Tramol da wiwi da barasar goskolo a Jos, da cacar ƙwallo ta waya da take cinye 'yan kuɗin da yaro ya samu a ramin kuza ko a kan babur, duk sun shigo har cikin mawaƙa. Wanda ya kamu ba tsawa yake bukata daga bagade ba, likita yake bukata, da wani babba da zai riƙa nemansa duk mako. Ta fannin sana'a ma haka: taron yini guda na koyar da haɗa sabulu da turare, a raba takardar shaida a ɗauki hoto, bai taɓa fitar da kowa daga zaman banza ba. Alhali a cikin majami'ar akwai bakanike, da tela, da mai walda, da mai shagon magani, da manomin dankali, waɗanda kowannensu zai iya ɗaukar yaro ɗaya shekara biyu. Haɗa su shi ne aikin, kuma ba ya cin kuɗin ikilisiya.

Iyayenmu suna yawan kukan cewa matasa suna gudu zuwa sababbin coci-coci, su ɗora laifin a kan kiɗa da Turanci. Akwai gaskiya a ciki, domin a birane sujadar Turanci ta cika da matasa, ta Hausa ta koma ta tsofaffi, har ka ga gida ɗaya ba sa sujada tare. Amma na tambayi abokaina da suka tafi, abin da suka fi faɗa shi ne can an san sunansu. Wata uku da zuwa an ba mutum rukunin gida ya jagoranta, in bai zo ba a kira shi a waya. Ina da damuwa da irin wa'azin da yake yi wa mai neman aiki alkawarin arziki in ya ba da ɗan abin da ya rage masa, na ga waɗanda suka fito daga ciki da karyayyar zuciya. Sai dai ba za mu zargi wanda ya tafi inda ake nemansa ba, alhali mu ba mu neme shi ba. Ga kuma wayar da take hannunsa, cike da masu wa'azi iri-iri da masu musun addini gaba ɗaya. Yana da tambayoyi masu nauyi, game da wahala, da Triniti, da dalilin da ya sa addu'arsa ta shekara bakwai ba ta kawo aiki ba. In ya yi tambayar a binciken Littafi aka ce masa shaiɗan ne yake ruɗinsa, ba zai sake yi ba, zai kai ta wani wuri. Makarantun tauhidinmu, irin su TCNN a Bukuru da JETS a Jos da na Kagoro da Kwarhi, suna fitar da masu ilimin da za su iya amsawa. Matsalar ita ce a wurare da yawa ƙaramin fasto sabon fitowa ake damƙa wa matasa, kafin ya san sunayensu an yi masa canjin wurin aiki.

Sai magana mafi nauyi, wadda ta shafi maƙwabtanmu Musulmi kai tsaye. Tsayuwar matasa a bakin ƙofa da na ambata ta samo asali ne daga shekarun bama-bamai: Madalla ranar Kirsimetin 2011, hedkwatar COCIN a Jos a Fabrairun 2012, majami'un Zariya da Kaduna a Yunin 2012. A Arewa maso Gabas, yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'yan EYN ne, a Oktoban shekarar kuma aka mamaye hedkwatar ɗarikar a Kwarhi. Wanda yake da shekara 28 yau, yana ɗan sakandare ya ga waɗannan abubuwa. Waɗansu sun binne iyaye, waɗansu sun girma a sansanin gudun hijira, waɗansu har yanzu ba sa iya kwana a ƙauyensu a Filato ko Kudancin Kaduna. Wannan fushi yana nan kwance a ƙirji. Dole kuma mu faɗi gaskiya, bayan hare-haren Yunin 2012 matasanmu sun tare hanya a Kaduna sun kashe Musulmin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 ma a taron ɗalibai ya faro, a kwalejin ilimi. Wanda yake koyar da matasa yana riƙe da ashana kusa da busasshiyar ciyawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Fasto James Wuye na Kaduna misali ne da kowa ya sani. Yana cikin jagororin matasan Kirista masu ɗaukar makami, ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992. Imam Muhammad Ashafa yana ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 aka haɗa su, suka kafa cibiyar sasanci da ta yi aiki a Kaduna da Yelwan Shendam da wajen Nijeriya. Wuye da kansa ya sha faɗa cewa ya ɗauki shekaru yana aiki da Ashafa zuciyarsa ba ta sauka ba. Abin lura a nan shi ne gafara ba ta samuwa da wa'azi guda. Ana bukatar wurin da saurayi zai yi kuka, ya faɗi abin da ya gani da idonsa, a saurare shi, sannan a bi da shi sannu a hankali zuwa ga umarnin Almasihu na ƙaunar maƙiyi, wanda shi ne mafi wuya a cikin dukan umarnansa. EYN, da yake ɗarika ce mai koyarwar salama, ta gudanar da tarurrukan warkar da raunin zuciya ga 'yan gudun hijirarta. Irin wannan aiki a zumuntar matasa ya fi dacewa ya zauna, domin su ne ake kira in gari ya rikice.

Duk waɗannan suna komawa ga ƙofar ofishin nan da ake rufewa. Bulus ya gargaɗi Timoti kada ya bari a raina ƙuruciyarsa, muna kuwa karanta ayar duk makon matasa, mu ba su bagade Lahadi ɗaya, Litinin mu karɓe. A shekarata ta uku a magatakarda muka yi shawara muka je gidan faston da yamma. Muka durƙusa muka gaisa, shugabanmu ya ce, "Baba, mun zo roƙo ne. A ba mu mutum biyu su riƙa zama in ana shirya kasafin shekara, ko da ba za su jefa ƙuri'a ba." Ya yi shiru yana juya tabaransa a hannu, ya ce, "'Ya'yana, tsarin mulkin ikilisiya bai ba ni wannan iko ni kaɗai ba. Amma zan kai wa dattawa." Sai da aka yi wata bakwai kafin amsa ta fito, wani dattijo ma ya ƙi yarda har ƙarshe. Aka ba mu kujera biyu, namiji da mace, ba ƙuri'a.

A zaman farko ana maganar sayen sababbin labule da fentin katanga, 'yar'uwar da muka tura ta ɗaga hannu. Ta karanta sunayen mutum tara daga cikinmu da suka gama karatu suke zaune, ta faɗi sana'ar da kowannensu yake so, ta roƙi a rage kuɗin labulen a biya wa uku kuɗin shiga koyon aiki. Wani dattijo bakanike da yake zaune a ƙarshen tebur ya ce a cire ɗaya daga lissafin, a turo masa shi gareji ranar Litinin da ƙarfe bakwai, ba sai an biya ba.